Haɗa Sabon Irin Wardi Don Furen Yanka: Tambayoyi da Amsoshi

Wardin nan da ake sayarwa a ɗaure, mai dogon kara da ƙaton kai guda, ba daji ne ya haife shi ba. Kowane iri ka gani, akwai wanda ya ɗebi garin wani fure ya shafa wa wani, ya jira shekaru, ya zubar da dubban 'yan'uwansa kafin ya tsayar da shi. Ga tambayoyin da masu sha'awar wannan aiki suka fi yi, daga mai tukwane 10 har zuwa mai rumfar gilashi.

Mene ne "haibirid ti", kuma me ya haɗa wardi da shayi?

Sunan rukunin da wannan wardi mai dogon kara yake ciki ne, ma'anarsa gaurayen wardin shayi. A ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19 aka shigo da wasu wardi daga ƙasar Sin zuwa Turai. Ƙamshin wasunsu ya yi kama da na ganyen shayi, sunan kuwa ya bi su. Amma ba ƙamshin ne ya fi jan hankali ba. Su waɗannan suna yin fure a kai a kai, alhali yawancin na Turai sau ɗaya suke yi a shekara su huta. Aibinsu shi ne ba sa jure sanyi, wuyansu kuma ba shi da ƙwari, kan furen sai ya sunkuya. Da aka haɗa su da wasu wardi masu ƙarfin jiki, aka sami ɗa mai tsayayyen kara, mai ƙulli dogo mai tsini, wanda yake buɗewa sannu a hankali daga tsakiya.

Wanda aka saba ƙirgawa na farko a rukunin shi ne 'La France', wanda Jean-Baptiste Guillot ya fitar a birnin Liyon na Faransa a 1867. A Ingila kuma, Henry Bennett, manomi mai kiwon shanu, ya ɗauko tsarin makiyaya na sanin uwa da uba ya shigo da shi cikin harkar wardi, ya fitar da nasa a 1879 da asalin kowanne a rubuce. Launin rawaya bai shigo sosai ba sai 1900, da Joseph Pernet-Ducher ya fitar da 'Soleil d'Or' daga jinin wani wardi mai rawaya na Farisa. Tare da rawayar, raunin kamuwa da cutar baƙin tabo a ganye ya ƙaru a zuri'ar, kuma har yau masu haɗa iri suna fama da wannan gado.

Ai wardi wardi ne. Me ya bambanta na rumfar gilashi da na lambu?

Bambancin yana da girma, kuma wanda bai gane shi ba tun farko zai ɓata shekarunsa.

Wardin lambu a kan uwarsa ake kallonsa. Ana so ya yi cunkus, ya jure ruwa da rana da sanyi, ya yi ƙamshi, in ya buɗe ya zube wani ya maye gurbinsa. Wardin yanka kuwa rayuwarsa ta kasuwa ba ta farawa sai an raba shi da uwarsa. Za a yanke shi yana ƙulli, a sa shi ɗakin sanyi, a ɗaure shi da 'yan'uwansa 10 ko 20, a danna shi cikin kwali babu ruwa, ya shiga mota, ya shiga jirgi, ya kwana a wurin gwanjo, sannan ya isa hannun wanda zai sa shi cikin kwalba. Bayan duk wannan wahala ake so ya buɗe da kyau ya yi kwana 10 ko fiye a tsaye.

Saboda haka ma'aunin daban ne. Ana duba tsawon kara, daga santimita 40 zuwa 90, da miƙewarsa da kaurinsa. Ana duba ƙaya, domin mai ƙaya da yawa yana yaga ganyen 'yan'uwansa a cikin ɗauri, yana kuma jinkirta ma'aikata. Ana duba kaurin fallayen furen, don masu taushi suna ɓarjewa a hanya su yi tabo. Ana so kara ya ɗauki kai guda, kada ya riƙa fitar da ƙananan ƙulli a gefe da sai an bi an cire da hannu. Sama da komai, manomi zai tambaye ka: kara nawa yake bayarwa a murabba'in mita a shekara? Shi a kan wannan lissafi yake rayuwa. Masu manyan kai sukan ba da kara kaɗan, masu ƙananan kai su ba da ninkinsu, kuma sabon iri dole ya sami gurbi a wannan sikeli: ko ya fi na kasuwa yawa, ko ya fi shi daraja a kowane kara.

'Peace', wanda Francis Meilland ya haɗa a 1935 aka kuma raɗa masa wannan suna a Amurka a 1945, yana cikin wardin lambu mafi shahara a duniya. Amma a rumfar gilashi 'Baccara' na gidan Meilland ɗin ne, wanda ya fito a 1954, ya yi zamani, saboda fallayensa masu tauri da daɗewarsa a kwalba.

Idan na shuka ƙwayar wardi mai kyau, ba irinsa zan samu ba?

A'a. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to a wardi takan yi gudu 'ya'yanta 100 su yi rarrafe.

Dalili yana cikin halittarsa. Yawancin haibirid ti suna da kuromozom (zaren da ke ɗauke da halayen gado) 28, wato kowane ɗaya daga cikin 7 na asali yana da kwafi 4, ba 2 ba kamar na ɗan Adam. Ga shi kuma an shafe fiye da shekara 150 ana gauraya su, ba a taɓa tace jininsu ya zama bai ɗaya ba. Don haka kowace ƙwaya rabonta daban, ko da daga cikin ɗan itace guda suka fito. Jan uwa da jan uba suna iya haifar ruwan hoda, da mai fallaye 5 kacal, da kumama wanda ba zai kai ko'ina ba.

Wannan shi ne wahalar aikin, shi ne kuma ribarsa. Da ƙwaya ake neman sabon abu. In an same shi, ba a sake komawa ga ƙwaya: da reshe ake yaɗa shi. Duk wardin yanka irin 'Freedom' ko 'Avalanche' da ke gonakin duniya yankin jikin tsiro ɗaya ne da wani ya taɓa zaɓa.

Yaya ake zaɓen uwa da uba?

Ka fara rubuta abin da kake nema a jimla guda. "Ja mai ƙaton kai, mara ƙaya, wanda ba ya baƙi a gefen fallaye lokacin sanyi" manufa ce. "Fure mai kyau" ba manufa ba ce.

Uwa ita ce wadda za ta ɗauki 'ya'ya, don haka sharaɗinta na farko haihuwa ne. Wardin yanka da yawa ba sa ɗaukar ɗa, ko su ɗauka ƙwayar ta ƙi tsiro. Wasu kuma fallayensu sun yi yawa har sun cinye gurbin zaren namiji, ba su da garin kirki, ba sa iya zama uba. Mai haɗa iri yakan shafe shekarunsa na farko yana gano wace ce uwa mai albarka, kuma in ya same ta yakan riƙe ta ya yi ta kawo mata ubanni daban-daban. Manyan gidaje irin su Kordes da Tantau na Jamus, Meilland na Faransa, De Ruiter da Schreurs na Holan, dukiyarsu ta gaske ita ce iyayen da suke ɓoye, waɗanda ba a taɓa sayarwa ba, lamba kawai gare su babu suna.

Kada ka haɗa biyu masu aibi iri ɗaya kana fatan aibin zai ɓace. Kuma wasu halaye an san yadda ake gadonsu: yawan fallaye yana rinjayar ƙarancinsu, yin fure a kai a kai kuwa hali ne mai ɓuya, sai ya zo daga ɓangarorin biyu. Shi ya sa in ka shigo da wardin daji don neman juriyar cuta, 'ya'yan farko sukan koma yin fure sau ɗaya, sai ka sake komawa da su cikin wardin yanka zuri'a bayan zuri'a.

Yaya ake yin barbarar da hannu?

Furen wardi yana da namiji da mace a jiki ɗaya, aikinka shi ne ka riga shi barbarar kansa.

Ka zaɓi ƙulli a jikin uwa wanda ya nuna launi, ya fara sakin fallayen waje amma bai buɗe ba. Da safe ka cire fallayen duka. Za ka ga zarurruka masu ɗauke da 'yan jakunkunan rawaya sun kewaye wani gungu a tsakiya. Jakunkunan su ne namiji, gungun tsakiya shi ne mace. Ka sa hantsaki ko ƙaramin almakashi ka cire jakunkunan kaf, ko ɗaya kada ka bari, domin guda ɗaya ya isa ya ɓata maka asali. In akwai ƙwari a rumfar, ka rufe kan da ambulan na takarda. Leda tana tara gumi ta ruɓar da shi.

A jikin uba ma ƙulli irin wannan za ka nema. Ka cire jakunkunansa ka zuba a ƙaramin faranti, ka ajiye a busasshen wuri mara rana. Kafin washegari sun fashe, gari mai kama da ƙura ya zubo. A lokacin kan macen ya fara sheƙi yana ɗan danƙo, alamar ya shirya. Ka lakato garin da yatsa ko burushi mai laushi ka shafa. Da yawa sukan maimaita washegari. Kafin ka taɓa garin wani uba ka goge burushi da yatsa da sifirit.

Sai alama. Ka rataya takarda a wuyan furen nan take, sunan uwa a gaba, na uba a baya, da kwanan wata, sannan ka shigar a littafi. Ina nanata wannan domin shi ne abin da sababbi suka fi rainawa. Ranar da tsiro mai kyau ya fito maka, tambayar farko da za ka yi ita ce su wa suka haife shi, don ka koma ka maimaita haɗin da yawa.

In uwa da uba ba sa fure lokaci guda, busasshen gari yana ajiyuwa a rufaffiyar kwalba cikin firiza har watanni.

Na yi barbara, bayan mako biyu wuyan ya yi rawaya ya faɗi. Me ya faru?

Bai kama ba. Ko garin matacce ne, ko zafi ya yi yawa a rumfar, ko uwar ba mai haihuwa ba ce, ko jinin biyun bai jitu ba. Wannan ba abin mamaki ba ne ko a hannun gwanaye. Ka gwada juya haɗin, uba ya zama uwa. Ka kuma rage takin naitirojin ga uwar da ke ɗauke da 'ya'ya, kada ta mai da hankali ga sabon toho.

Wanda ya kama zai kumbura, ya ɗauki wata 3 zuwa 4 kafin ya juya daga kore zuwa ruwan lemo ko ja. A ciki za ka tarar da ƙwaya daga 1 ko 2 zuwa 20 da wani abu.

Me ya sa ƙwayar ba ta tsiro?

Barci take yi, kuma sanyi ne ke tashinta. Wardi ɗan ƙasashen hunturu ne, an halicci ƙwayarsa ta jira sanyi ya wuce. Ɓawonta yana da tauri, akwai kuma sinadarin da ke hana ta tsiro a jikinsa. Sai ka fasa ɗan, ka wanke ƙwayoyin tas, ka sa su cikin danshin yashi ko makamancinsa a leda, ka ajiye a firji a wajen digiri 4 na Salshiyas tsawon mako 6 zuwa 12. Danshi ake so, ba jiƙewa ba. Daga nan ka shuka su a zurfin kamar santimita 1 cikin ƙasa mai tsabta, a wuri mai sanyi-sanyi, domin zafi yana iya mai da su barci.

Ko ka yi komai daidai, sau da yawa abin da zai tsiro bai kai rabi ba. Manyan kamfanoni, idan haɗin yana da muhimmanci, sukan fasa ƙwayar a ɗakin gwaji su ciro ɗan tayin su rene shi a kwalba.

Yaushe zan ga furen farko, kuma me zan duba?

Da wuri ƙwarai. Mako 6 zuwa 8 bayan tsirowa, tsiron da bai wuce tsawon tafin hannu ba zai ɗaga ƙulli ɗaya. Babu ranar da ta kai wannan daɗi a duk aikin, domin abin da kake kallo ba wanda ya taɓa ganinsa a duniya. Kuma a ranar ce aikin gaske yake farawa, wato tankaɗe da rairaya.

Furen farko ƙarami ne, fallayensa ba su cika ba, amma launi da siffa da taurin falle suna bayyana. Mai fallaye 5 ko 10, waje. Mai launin da ya dushe ko ya yi datti, waje. Wanda tsakiyarsa ta rabu biyu, wanda wuyansa ya sunkuya, wanda farar fumfuna ta riga ta rufe alhali maƙwabtansa lafiya lau, duk waje. A wannan zagaye kaɗai akan zubar da 9 cikin 10, ko fiye. Manyan gidaje suna shuka ƙwaya dubbai ɗaruruwa a shekara, abin da zai kai kasuwa daga ciki bai wuce a ƙirga da yatsu ba.

A ganina nan ne ake gane wanda zai daɗe a wannan sana'a. Barbara kowa zai iya koyonta a wuni ɗaya. Zubarwa ce ke da wuya. Mutum ya jira shekara guda, ga fure mai ɗaukar ido ya fito, sai zuciya ta fara nema masa uzuri: ƙayar ba ta yi yawa sosai ba, karan zai ƙara tsawo in ya girma. Haka zai ci gurbi da ruwa da taki shekara 3, a ƙarshe manomin farko da ya gwada shi ya faɗi abin da mai shi ya gani tun ranar farko. Kyau shi ne abu mafi sauƙin samu a wardi. Kyau da yawan kara da juriyar tafiya da lafiya a jiki ɗaya, shi ne abin da ake nema cikin dubbai.

Dabarar da ke taimakawa ita ce ka dasa irin da ke mulkin kasuwa a wannan launi kusa da naka, a layi ɗaya, ruwa ɗaya, taki ɗaya. Duk abin da za ka auna a naka ka auna a nasa.

Na zaɓi 'yan kaɗan. Sai me?

Sai yaɗawa, mataki-mataki. Daga tsiro 1 a yi 5 ko 10, waɗanda suka tsallake a yi musu 50 ko 100, daga nan a cika layuka. A kowane mataki ana ƙara zubarwa.

Ana yaɗawa ta dashen reshe kai tsaye, ko ta aure, wato a ɗora reshen sabon irin a kan gindin wani wardi mai ƙarfin saiwa. Gindin da ya fi yaɗuwa a gonakin furen yanka shi ne 'Natal Briar', akwai kuma 'Manetti' da 'Inermis'. A Holan aka ƙirƙiro hanyar da ake haɗa aure da dashe lokaci guda: a ɗora reshe mai ido ɗaya da ganye ɗaya a kan guntun gindin da bai yi saiwa ba, a sa su cikin ɗumi da raɓa, auren ya kama saiwa ta fito cikin 'yan makonni. Ka gwada irinka da aure da kuma babu aure, domin gindi yana canza tsawon kara da yawansa, wani lokaci har launi.

A gonakin zamani akan dasa tsiro 6 zuwa 8 a murabba'in mita, sau da yawa ba a ƙasa ba, a cikin ɓawon kwakwa da aka niƙa ko audugar dutse. Ana lanƙwasa raunanan rassa ƙasa ba tare da an karya su ba, ganyensu ya ci gaba da ciyar da tsiron, sababbin karare masu kauri su taso daga gindi. Irin da rassansa ke karyewa in an lanƙwasa ya sami matsala. Daga yanka zuwa yanka akan ɗauki mako 5 zuwa 8, gwargwadon iri da yanayi. Ka ƙirga karare shekara cikakkiya, har da lokacin ƙarancin haske, domin a nan ne wasu ke fitar da makafin rassa, masu tsawo babu fure.

Yaya ake gwajin kwalba?

Ba daga reshe zuwa ruwa kai tsaye ba, wannan yaudarar kai ce. Ana kwaikwayon tafiyar: a yanka, a shayar da shi a ɗakin sanyi, a naɗe a kwali a bushe na wasu kwanaki a digiri 2 zuwa 5, sannan a datse gindin a sa a kwalba a ɗaki mai digiri 20, da haske awa 12 a rana. Kullum a duba a rubuta.

Abubuwan da ke kashe iri a nan sanannu ne. Akwai sunkuyar wuya, inda iska ko ƙwayoyin cuta suka toshe hanyoyin ruwa a kara, kai ya faɗi tun bai buɗe ba. Akwai wanda ke tsayawa a ƙulli har ya bushe. Akwai jan da ke komawa shuɗi-shuɗi in ya kwana biyu. Akwai fumfuna mai launin toka, botiraitis, wadda ke shiga kwali a ɓoye ta bayyana a hannun mai saye, kuma farare da masu taushin falle sun fi shan wahalarta.

Me ya sa ake aika iri gwaji Kenya da Ekwado alhali a Turai aka haɗa shi?

Domin can ne yawancin gonakin suke yanzu, kuma wardi yana canza hali da wuri. A Kenya cibiyar ita ce kewayen tafkin Naivasha, tudun da ya kai kimanin mita 1,900. A Habasha akwai Ziway. A Kolombiya filin Bogota yana wajen mita 2,600, a Ekwado kuma yankin Cayambe ya ɗara haka. Kusa da tsakiyar duniya rana tana da ƙarfi duk shekara, tudu kuma yana kawo sanyin dare. Sanyin yana jinkirta girma, sai kai ya yi ƙato, kara ya yi tsawo, amma yawan ya ragu. A ƙasa-ƙasa inda ɗumi ya fi, iri ɗaya zai ba da kara da yawa masu ƙananan kai. Jan da ya yi kyau a rumfar Holan mai fitilu da na'urar ɗumama yana iya baƙi a gefen fallaye a kan tudun Ekwado. Shi ya sa manyan gidajen suke da rumfunan gwaji a waɗannan ƙasashe, wasu ma can suke yin tankaɗen tun daga farko.

Me ya sa wardin yanka ba ya ƙamshi?

Wannan tambaya tana damuna, domin mutum in an miƙa masa wardi hancinsa yake fara kaiwa. Abin da aka saba faɗa shi ne mai ƙamshi ba ya daɗewa a kwalba. Akwai gaskiya a ciki, don masu ƙamshi da yawa fallayensu taushi gare su. Amma ba doka ba ce. Babban dalili shi ne an yi shekaru ana zaɓe a kan tsawo da yawa da juriya, ba wanda ya sa ƙamshi a sikeli, halin da ba a nema kuwa yakan zube a hanya. A 2015 masu bincike a Faransa suka gano wata ƙwayar gado mai suna RhNUDX1 da ke da hannu wajen samar da wani babban sashe na ƙamshin wardi, a 2018 kuma aka kammala karanta taswirar gadon wardin Sin 'Old Blush'. Wannan ya sauƙaƙa bin sawun halin. Gidan David Austin na Ingila ya nuna akwai masu sayen wardin yanka mai ƙamshi ko da kwanakinsa ba su kai na sauran ba. Ƙaramin mai haɗa iri da ke neman inda manya suka bar gurbi, ga wuri nan.

Za a iya haɗa shuɗi ko baƙi?

Ta barbara, a'a. Wardi ba shi da ƙwayar gadon da ke yin sinadarin shuɗi. Kamfanin Suntory na Japan da Florigene na Ostareliya sun dasa masa ita daga wani fure, suka fara sayar da 'Applause' a 2009, amma launinsa ya fi kusa da shunayya mai haske. Shuɗi tsantsa da ake gani rini ne. Baƙi kuma ja ne da ya yi duhu ƙwarai.

Tunda a rumfa ake nomansa, juriyar cuta tana da muhimmanci?

Ƙwarai. Rufi yana kare ganye daga ruwan sama, don haka baƙin tabo ba shi ne babban abokin gaba ba. Amma farar fumfuna tana son rumfa, haka ma wata mai shiga ta bayan ganye lokacin sanyi da raɓa, wadda ke iya kakkaɓe ganyen layi guda cikin kwanaki. Ga jan gizo-gizo ƙanana, ga ƙwarin tirifs masu shiga cikin ƙulli. An daɗe ana rufe raunin iri da feshi. Yanzu kasuwannin Turai suna ƙara tsaurara doka kan ragowar magani, cututtukan suna sabawa da shi, kuma akwai mutanen da ke aiki cikin rumfunan nan wuni guda suna shaƙa. Shawarata ita ce ka bar wani sashe na tsiranka babu feshin fumfuna, ka ga wa zai tsaya da ƙafarsa.

Wani reshe a gonata ya fito da launi daban. Sabon iri ne?

Yana iya zama. Wani lokaci ido ɗaya yakan rikiɗe da kansa, reshen da ya fito daga gare shi ya zo da wani launi alhali sauran halayen suna nan. Haka aka sami 'Sweet Avalanche' da 'Peach Avalanche' daga farin 'Avalanche'. Manoma suna son irin wannan don sun riga sun san nomansa. Ka sa wa reshen alama, ka yaɗa shi zagaye da yawa ka ga ko zai tsaya, domin wasu suna komawa asali. Sai dai in uwar tana ƙarƙashin kariya, dokar ƙasashe da yawa ta ce ba ka da ikon sayar da rikiɗaɗɗen sai da yardar mai uwar.

Shekara nawa ke nan gaba ɗaya?

Daga barbara zuwa kasuwa, shekara 5 zuwa 8 abu ne da aka saba gani a wardin yanka. Na lambu yakan kai 10.

Yaya ake kare haƙƙin wanda ya haɗa iri?

Abin da ake yaɗawa da guntun reshe yana da sauƙin sata, don haka aka yi masa doka. Amurka ta kafa tata a 1930, kuma shukar farko da ta sami takardar mallaka a 1931 wardi ce, 'New Dawn'. Kariyar can shekara 20 ce. Ƙasashe da yawa suna bin yarjejeniyar 1961 ta UPOV, ƙungiyar kare haƙƙin masu haɗa sabon iri mai hedikwata a Jeniba, an kuma yi wa yarjejeniyar gyara na ƙarshe a 1991. Tarayyar Turai tana da ofishi guda a birnin Angers na Faransa, takardarsa tana aiki a duk ƙasashen ƙungiyar.

Za a noma irinka a duba abu 3: ya bambanta da duk wanda aka sani, tsiransa sun yi kama da juna, kuma halinsa ba ya canzawa in an yaɗa. Dole kuma ya zama sabo. In ka sayar da shi fiye da shekara 1 a ƙasar da kake nema, ko fiye da 4 a waje, ka rasa damar. Saboda haka duk manomin da za ka ba gwaji, ku rubuta yarjejeniya cewa gwaji ne, ba zai yaɗa ba, ba zai sayar ba.

Kowane iri suna biyu gare shi: na rajista, wanda yakan fara da haruffan gidan, KOR na Kordes, TAN na Tantau, MEI na Meilland, sai na kasuwa mai daɗin faɗa. Mai haɗa iri ba da sayar da fure yake samu ba, manomi ne ke biyansa ladan iri a kan kowane tsiro ko kowane murabba'in mita da ya dasa. A tsarin UPOV an halatta ka yi barbara da irin wani mai kariya don neman sabo, sai dai ka karanta takardar da ka sa hannu lokacin sayen tsiron.

Mutum ɗaya mai ƙaramar rumfa zai iya?

Barbara, tsirarwa da zaɓen farko, zai iya sarai, da hantsaki da burushi da firji da littafi. Abin da ba zai iya shi kaɗai ba shi ne gwaji a ƙasashe 3 da rajista da shigar da iri kasuwa. Hanyar da aka saba bi ita ce in ya sami abin kirki ya ba wani babban gida ya gwada bisa yarjejeniya, in ya karɓu su raba ladan.

Don farawa, iyaye 5 ko 6 sun isa, da manufa guda. Ka yi haɗi kaɗan amma kowanne a kan furanni da yawa, domin ƙwaya 10 daga haɗi ɗaya ba za su gaya maka komai game da iyayen ba, 200 kuwa za su gaya maka. A shekarar farko abin da za ka fita da shi shi ne sanin wace uwa ke ɗaukar 'ya'ya, wace ƙwaya ke tsiro, wane uba ke gadar da ƙaya. A shekara ta biyu sai ka gina haɗe-haɗenka a kan abin da littafin ya nuna.